Farautar wasa ƙwaƙwalwa: wasan da mai ƙulli ke addu'ar a kwance masa

A tsakiyar watan Janairun kowace shekara, lokacin da sanyi ya kai intaha a yankin Boston na ƙasar Amurka, dubban mutane kan yi wa jami'ar MIT tsinke. Akwai ɗalibai, akwai waɗanda suka gama karatu shekara ashirin da suka wuce, akwai ma waɗanda ba su taɓa zama ɗaliban makarantar ba. Sai su kasu ƙungiya-ƙungiya, kowace ta kama aji guda ta baje kwamfutoci da takardu da abinci, wasu 'yan ƙungiyar kuma suna can wasu ƙasashe suna sa hannu ta intanet. Da tsakar ranar Juma'a ake buɗe fage. Daga nan babu dare babu rana, har sai wata ƙungiya ta gano kwabo ɗaya da aka ɓoye a wani lungu na harabar jami'ar, abin da kan kai su Lahadi, wani lokacin ma Litinin. Kafin a kai ga kwabon sai an warware matsaloli sama da ɗari. Ladan ƙungiyar da ta yi nasara kuwa shi ne ita za ta zauna ta shirya farautar baɗi, ba ko sisi, aikin da zai cinye mata shekara cur.

Sunan wannan taro MIT Mystery Hunt, kuma shi ne uba a fagen abin da zan kira farautar wasa ƙwaƙwalwa. Wani ɗalibin digiri na uku mai suna Brad Schaefer, wanda daga baya ya zama masanin taurari, shi ya fara ta a 1981. A lokacin takarda guda ce ɗauke da alamu goma sha biyu, abin da aka ɓoye kuma tsohon kwabon Amurka ne. Da ya gama karatunsa a 1983, sai al'ada ta kafu cewa wanda ya tsinci kwabon shi zai ɓoye na gaba. Wannan al'ada ce ta riƙe farautar sama da shekara arba'in, tana wucewa daga hannu zuwa hannu. Ko a 2021, da annobar korona ta rufe makarantu, ba a fasa ba. Ƙungiyar Galactic Trendsetters, wadda ta ci ta 2020, ta gina kwaikwayon harabar jami'ar a intanet, mafarauta suka riƙa yawo a cikinsa kowa daga ɗakinsa.

Mu da muka tashi da kacici-kacici a dandali mun san yadda ake yi. Mai tambaya ya jefo tasa, a yi ta lalube, in an kasa ya ce a ba shi gari. A ba shi wannan ya ƙi, a ba shi wancan ya karɓa, sannan ya faɗi amsa yana murmushi. A can kasawar masu sauraro ita ce ribar mai tambaya. A farautar wasa ƙwaƙwalwa abin a juye yake. Wanda ya ƙulla matsala zaune yake yana addu'ar a kwance ta. In an kasa, shi ya faɗi, domin watannin da ya ɓata sun tafi a banza. In kuma an kwance ta cikin minti biyu ba tare da gumi ba, nan ma bai yi abin kirki ba. Abin da yake nema shi ne mutum ya sha wuya daidai gwargwado, ya kai gaɓar da zai ce ya haƙura, sai kwatsam abin ya faɗo masa. Duk ƙa'idojin wasan daga wannan niyya suka tsiro, shi ya sa nake ganin amana ce ginshiƙinsa, basira tana biye.

Bari in kira kowace matsala ƙulli, tunda kwance ta ake yi. Abin da ya raba ƙulli da tambayar jarrabawa, ko wasan cike gurbin kalmomi na jarida, shi ne ba a gaya maka abin da za ka yi. Za a miƙo maka shafi mai take a sama, wataƙila da shimfiɗar jimla ɗaya ko biyu, sai hotuna, ko jerin lambobi, ko sautin da aka naɗa, ko ma akwati da tarkace a ciki. Abu guda kawai ka sani: a ƙarshe kalma ɗaya ko gajeriyar jimla za ta fito, ita ce amsa. Gano abin da ake so ka yi shi ne rabin aikin, wani lokacin ma shi ne duka.

Ga wani ƙarami da na ƙulla da Hausa, don a ga yadda abin yake tafiya. Takensa "Kowa da garinsu", a ƙarƙashinsa kuma layi biyar:

Matan Fada (2)
Dala (2)
Gobarau (6)
Kusugu (1)
Kufena (2)

Wanda ya saba da wasan, da ya ga lamba a gefen kalma zai fara ƙirga haruffa, ya ɗauki harafi na biyu a Matan Fada, na biyu a Dala, na shida a Gobarau, haka har ƙasa. Zai samu AAAKU. Ba ta da ma'ana, ashe ba nan hanya take ba. Sai ya koma kan take. Kowa da garinsu, to su wane ne waɗannan, kuma ina ne garinsu? Matan Fada ai kogin da ake bikin kamun kifi ne a Argungu. Dala dutsen Kano ne, Gobarau hasumiyar Katsina, Kusugu rijiyar Daura, Kufena kuma dutsen Zariya. Yanzu sai ya sake ƙirgawa a cikin sunayen garuruwan: harafi na biyu a Argungu R, na biyu a Kano A, na shida a Katsina N, na farko a Daura D, na biyu a Zariya A. RANDA. Da ya ga kalmar, ba ya bukatar kowa ya gaya masa ya dace, domin haruffa biyar ba sa haɗuwa su ba da kalmar Hausa haka kawai. In farautar ta yawo ce a cikin unguwa ko makaranta, ya san inda zai nufa: gindin randa, inda takarda ta gaba take jiransa.

A lura da abin da ya faru a wannan ɗan misali, don manyan ƙulle-ƙullen MIT masu cin awa goma ma haka suke, yawa da zurfi ne kawai suka bambanta. Da farko an gane mene ne abubuwan da ke shafin. Sannan an gano zaren da ya haɗa su, wanda take ya yi nuni da shi ba tare da ya faɗe shi ƙarara ba. Daga ƙarshe an tatso harafi ɗaya-ɗaya. A lura kuma cewa hanyar kuskure ta nuna kanta da wuri, AAAKU ta ce maka koma baya. Mai ƙulli na gari da gangan yake barin ƙofofin banza a kulle, don kada mutum ya shiga ya yi awa uku yana yawo a ɗakin da babu komai.

Hanyoyin ɓoye haruffa suna da yawa, kuma da sannu ido yake sabawa da su. In ka ga jerin lambobi babu wadda ta wuce 26, ka gwada mayar da 1 ta zama A, 2 ta zama B. In ka ga abubuwa iri biyu, dogo da gajere, a rukunin da bai wuce huɗu ba, rubutun Mos ne na tsohuwar wayar tangaraho. Ɗigo shida a layi biyu na tsaye rubutun makafi ne na Braille. Abubuwa iri biyu a rukunin biyar-biyar lissafin kwamfuta ne na sifili da ɗaya, domin gurbi biyar yana ba da siffa 32, sun ishi haruffa 26 har da saura. Hannun agogo biyu na iya zama tutocin da masu jiragen ruwa ke yi wa juna ishara da su. Wanda ya yi karatun zaure ba baƙo ba ne a wannan fage. Malamanmu na ƙarni na 19 kan rufe waƙa da ramzi, wato kalmar da in ka tara ƙimar haruffanta a lissafin abajada za ta ba ka shekarar Hijira da aka yi waƙar. A tsarin Magariba da suke bi, shinun 1000 ce, ra kuma 200, shi ya sa haruffan nan biyu ke yawan fitowa a ramzin waƙoƙin wancan zamani. Dabarar guda ce: kalma tana zaune a fili kowa yana karanta ta, tana kuma ɗauke da wani kaya da sai mai sani zai sauke.

Sai dai tarin ƙulle-ƙulle ba ya zama farauta sai an ɗinke su, abin da ke ɗinke su kuma shi ne uwar ƙulli. Ita ba ta da kayan kanta, amsoshin 'ya'yanta su ne kayan aikinta. A ce zagaye, wato rukunin ƙulle-ƙulle, yana da ƙulli huɗu, amsoshinsu RANDA, UNGULU, WUƘA da ALLO, taken uwar kuma "Abokin aiki". Haruffan farko sun ba da RUWA, kuma kowa ya san kirarin ruwa abokin aiki. Wannan ita ce mafi sauƙi a cikin iyaye, na gaske sun fi haka murɗiya nesa ba kusa ba, amma ta isa ta nuna wani abu mai daɗi. A ce ƙungiya ta kwance uku, ƙulli na biyu ya gagare ta. Tana da R, gurbi, W, A. Ko RUWA ce ko RAWA, take ya raba gardama. Sun ci uwar ke nan ba tare da sun kwance ɗa na biyu ba, kuma yanzu sun san amsarsa da U ta fara, sai su koma masa ta baya. Wannan ba maguɗi ba ne, da gangan aka gina wasan haka, don kada ƙulli ɗaya mai taurin kai ya tsayar da ayari gaba ɗaya. A manyan farauta iyayen ma suna da tasu uwar, ita ce ke buɗe zagayen ƙarshe, inda ake tashi daga kan kujera a bi lunguna da ƙafa har a kai ga kwabo.

Babu mai cin irin wannan shi kaɗai. A MIT akwai ƙungiyoyin mutum goma, akwai masu mutum sama da ɗari. Yawanci kowane ƙulli ana buɗe masa shafinsa a jadawalin intanet na Google Sheets, inda mutum biyar ko goma za su riƙa rubutu lokaci guda, suna magana ta manhajar hira ta Discord ko a cikin ɗaki. Binciken intanet halal ne, kiran ƙanwarka da ta san waƙoƙin Koriya halal ne, domin ba haddar mutum ake gwadawa ba. Abin da na fi ƙauna a nan shi ne yadda kowane irin sani yake samun ranarsa. Masu lissafi za su yi awa biyu suna juya wani jerin alamu, sai wata da ta shigo neman shayi ta leƙa ta ce ai wannan tsarin saƙar hula ne, ta ɗauko zare da ƙoshiya, haruffa su fito a jikin saƙar. Wanda ya san kukan tsuntsaye, da wanda ya san hanyoyin jirgin ƙasa, da mai dafa abinci, kowa akwai ƙullin da shi yake jira.

Sabon shiga kan ji kunya, yana ganin ba shi da abin cewa a gaban gwanaye. Shawarata gare shi ita ce ya kama aikin da gwanaye ke ƙyuya a kai: gano hotuna talatin ɗaya bayan ɗaya, rubuta abin da aka ji a sauti, tsara jadawali yadda ido zai iya bi. A cikin wannan wahala ne ake tsintar zare. Kuma duk abin da ya ba shi mamaki a shafi, ya rubuta shi a inda kowa zai gani, ko da bai san amfaninsa ba. Me ya sa duk sunayen suke da harafi bakwai? Me ya sa aka jera su bisa abacada? Wannan ta biyun ma alama ce sananniya: in mai ƙulli ya jera abubuwa bisa abacada, yana gaya maka ne cewa jerin ba shi da ma'ana, kai za ka nemo na gaskiya. In an cije, a tashi a sha iska, ko a kira wanda bai taɓa ganin shafin ba. Idon da ya gaji yana ganin abin da ya sa rai ne kawai.

Duk wannan yana yiwuwa ne saboda mafarauci ya yarda cewa ba a yaudare shi ba, cewa duk abin da ke shafin yana da aiki, kuma akwai hanya daga farko zuwa ƙarshe wadda hankali zai iya bi. Wani labari daga Ingila ya nuna abin da ke faruwa in wannan yarda ta karye. A 1979 wani mai zane, Kit Williams, ya fitar da littafin hotuna mai suna Masquerade. Ya ƙera zomo na zinariya ya binne shi a ɓoye, ya ce duk wanda ya fahimci hotunan zai san wurin. Dubban ɗaruruwan mutane suka sayi littafin, aka yi ta haƙe-haƙe a gonaki da lambunan jama'a. Dabarar ita ce ka ja layi daga idon kowane mutum ko dabba a hoto, ya bi ta yatsa ya faɗa kan harafi a gefen shafi, haruffan su kai ka wani dandali a garin Ampthill, daidai inda inuwar wani gicciye ke sauka da tsakar rana a ranar da dare da yini suke daidaita. A 1982 aka ba da sanarwar wani ya ci. Sai a 1988 jaridar Sunday Times ta tona cewa mutumin bai kwance komai ba, labarin wurin ya samu ta hanyar wata da ta taɓa zama budurwar mai zanen. Malaman kimiyya biyu da suka bi hanyar gaskiya har ƙarshe, wasiƙarsu ta iso a makare. Williams bai san da maƙarƙashiyar ba, amma baƙin cikin ya daɗe tare da shi. Ni a ganina wannan na cikin dalilan da suka sa farautar da ladanta wahala ne ta fi daɗewa lafiya. Inda babu zinariya, mai son zuciya ba shi da abin zuwa nema.

Yanzu mu zagaya bayan labule, wajen masu shiryawa, inda aikin ya fi nauyi kuma ba a cika ganinsa ba. Abu na farko da ke ba sabon mai shiri mamaki shi ne daga ƙarshe ake farawa. Uwar ƙulli ake fara rubutawa, domin ita ce za ta faɗi amsoshin da take bukata. Sai an tabbatar da ita sannan a raba amsoshin ga marubuta: kai ga UNGULU, ke ga WUƘA, kowa ya je ya gina ƙullin da zai ƙare a kan wannan kalma ba wata ba. Wanda ya fara da 'ya'ya yana fatan zai samo musu uwa daga baya, zai wayi gari da ƙulli goma masu kyau da ba abin da ya haɗa su. Daga nan kowane ƙulli yana da edita, wanda aikinsa shi ne ya tambayi marubuci tambayar da ba ya son ji: ta yaya wanda ba ya cikin kanka zai san ya yi wannan mataki? Bayan edita sai gwaji, bayan gwaji sai mai bin diddigi ya duba kowace lamba da kowane suna, domin harafi ɗaya da aka kuskure yana iya cinye wa ƙungiyoyi hamsin darensu.

Gwaji shi ne zuciyar aikin, kuma shi ne wanda aka fi ha'inta in lokaci ya ƙure. Ƙa'idarsa ita ce a ba wanda bai san amsa ba, bai kuma ji hirar ƙullin ba, ya zauna ya yi shi daga farko har ƙarshe, marubuci kuma ya kame bakinsa. Kame bakin nan yana da wuya ƙwarai. Kana kallon mutum yana wuce ƙofar da ka buɗe masa, yana dukan bango, harshenka yana ƙaiƙayi. Amma ranar farauta ba ka nan a gefensa, don haka duk abin da za ka faɗa da baki, a shafin ya kamata ya kasance. In an gyara, wanda ya gwada da farko ya tashi daga aiki, tunda ya riga ya gani, sai a nemo sabon ido. Shi ya sa masu shirya babbar farauta suke tattalin mutanen da ba su ga komai ba kamar yadda ake tattalin ruwa a rani.

Kuskuren da kusan kowane marubuci ke yi shi ne raina wuyar abin da ya rubuta. Shi da ya san hanya, gani yake mataki uku ne, sai ya ƙara na huɗu don kada a ce ya yi sauƙi. A wajen mai kwancewa kuwa kowane mataki mararraba ce mai hanya goma. Manya ma ba su tsira ba: farautar MIT ta 2013, wadda ƙungiyar Manic Sages ta shirya, ta wuce awa 70, ba a samu kwabo ba sai ranar Litinin, lokacin da mutane da yawa sun riga sun kama hanyar gida. Akwai ƙulle-ƙulle masu ban sha'awa a cikinta, amma jimillarsu ta fi ƙarfin kwanakin. Mai shiri ya riƙa tuna cewa ƙungiya ɗaya ce za ta ci, sauran duka, waɗanda su ne mafi yawa, abin da za su tafi da shi gida shi ne ko sun ji daɗi ko ba su ji ba. Don su ake tsara yadda ƙulle-ƙulle za su riƙa buɗewa da kansu bayan wani lokaci ko da ba a kwance na baya ba, don su ne kuma ake ba da haske. Ba da haske ma fasaha ce. Ba amsa za ka faɗa ba, za ka tambayi ƙungiya inda ta tsaya, ka ɗan tura ta taku ɗaya, ka bar mata daɗin ganowa. Mai shirin da ke jin zafin ba da haske, yana ganin an rage wa aikinsa daraja, ya koma neman a ba shi gari ke nan.

Ba dole sai da mutum dubu da kwana uku ba. A birnin Portland na Amurka aka fara Puzzled Pint a 2010, ana yin ta ranar Talata ta biyu a kowane wata, yanzu ta bazu birane da dama a duniya. Ƙulli kaɗan ne na yamma guda, kyauta, ana ba da takardar da ke ɗauke da su Mos da Braille, haske kuma ko nawa ka nema za a ba ka. Wurin haɗuwar ma sai ka kwance wani ƙaramin ƙulli kafin ka san shi. Akwai DASH, inda ake yin ƙulle-ƙulle iri ɗaya a rana ɗaya a birane daban-daban, ana tafiya da ƙafa daga tasha zuwa tasha. Kamfanin Microsoft yana da tasa tun 1999, ɗaliban lissafi na jami'ar Melbourne a Ostareliya suka fara tasu a 2004, akwai kuma da yawa da ake yi ta intanet zalla, kowa daga ko'ina yana iya shiga. Irin waɗannan ƙananan su ne makarantar mai son koyo. Wanda zai shirya tasa ta farko, ƙulli huɗu ko biyar da uwa ɗaya sun ishe shi, na awa biyu, ga abokai ko ɗalibai. In ta yawo ce, ya nemi izinin masu wuri tun da wuri, ya bi hanyar da ƙafarsa a daidai lokacin da za a yi ta, ya ajiye mutum a kowace tasha maimakon ya liƙa takarda ya tafi, don iska da yara da mai shara ba su san da farauta ba. Kada kuma ya sa abin da zai kai mutane haura katanga ko tsallaka babban titi a guje.

Mai son ƙullawa da Hausa yana da nasa ƙarin aiki, domin kusan duk dabarun nan a kan haruffan Ingilishi 26 aka gina su. Mu muna da ɓ da ɗ da ƙ, waɗanda rabin mutane ba sa rubuta su a waya, don haka dole mai karɓar amsa ya yarda da WUKA a matsayin WUƘA. Muna da 'y a Nijeriya, ƴ a Nijar. Ba ma rubuta tsawon wasali ko karin sauti, kalma ɗaya a takarda tana iya zama biyu ko uku a baki, abin da ke iya zama tarko, yana kuma iya zama ma'adini ga mai basira. Garuruwanmu ma suna da rubutu biyu-biyu, Sakkwato da Sokoto, Zariya da Zaria da Zazzau. Ban sa Hubbare a misalina ba saboda haka, Kufena kuwa na bar ta ne don harafi na biyu A ne ko wanne ka rubuta a cikin ukun.

Duk da wannan taka-tsantsan, gwaji ya kama ni. Na ba wani abokina malamin Hausa ƙullin nan na "Kowa da garinsu", na zauna na yi shiru. Cikin minti biyar ya gano garuruwan, ya fara ƙirga, sai na ga ya rubuta RAADA. Ya dube ta, ya ce raɗa ce, an ja wasalin ne aka bar lanƙwasar, ya tambaye ni ko wani zai raɗa masa abu na gaba a kunne. Da na duba takardarsa sai na ga inda muka rabu. Shi a wajensa ts harafi ɗaya ne, kamar yadda yake koyar da ɗalibansa, don haka Katsina haruffa shida gare ta, na shidan kuma A ne. Gaskiyarsa ce, kuma amsar da ya samu tana kama da kalma, wanda shi ne mafi munin abin da zai faru, tunda babu abin da zai ce masa koma baya. Ba sai na ƙara wani bayani a shafin ba, musanya kawai na yi. Na ɗauko A daga harafi na biyu na Katsina, kafin a kai ga ts, na ɗauko N daga harafi na uku na Kano. Layukan suka koma Matan Fada (2), Gobarau (2), Dala (3), Kusugu (1), Kufena (2). Shi ya riga ya gani, ba zai sake gwada mini ba, sai na kai wa wata ɗalibar aji biyar a sakandare da ba ta taɓa jin labarin wasan ba. Ta daɗe a kan Kufena, har ta je ta tambayi kakarta. Da ta dawo ta rubuta harafin ƙarshe, ba ta ce mini komai ba, ta miƙe ta nufi gindin randa.